Kayan Da: Liyarin Kaka, Alƙur'anin Gado da Abin da Garma Ta Tono

Wasiƙun wannan wata sun fi yawa a kan tsofaffin kuɗi da littattafan gado. Mun zaɓi shida, mun taƙaita su yadda fili zai ɗauka.

Tambaya: Kakata ta bar mini manyan kuɗin azurfa guda tara masu hoton wata mace mai jiki, an rubuta 1780 a bayansu. Uku daga ciki an liƙa musu kunne ana ratayawa. Da gaske sun haura shekara ɗari biyu? Nawa za su yi? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan kaka. Abin da ke hannunki shi ne liyari, wasu su ce dala. Matar da ke jiki Mariya Taresa ce, sarauniyar Ostiriya, kuma 1780 shekarar rasuwarta ce. Wannan lamba ba ta nuna ranar da aka buga naki ba. Fataken ƙasashen Larabawa, Habasha da Sudan sun saba da wannan kuɗi har ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama, shi ya sa aka ci gaba da buga shi da tsohuwar shekarar. An buga shi a Biyana, an buga a Landan, Faris, Rum, Burussel da Bombai, miliyoyin ɗaruruwa, kuma har gobe ana buga shi a Ostiriya. Ta hanyar Tarabulus da Borno ya shigo mana. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Barth ya zo Kano a 1851, liyari ɗaya wuri 2,500 yake ci a kasuwa.

Saboda yawansa, mafi yawan liyari darajar azurfarsa kawai yake da ita, da ɗan abin da ba a rasa ba a kai. Na gaske nauyinsa giram 28 da ɗigo kaɗan, faɗinsa wajen milimita 40, kuma kashi 833 cikin 1,000 azurfa ce, sauran jan ƙarfe. Wato kowane ɗaya yana ɗauke da azurfa tsantsa giram 23.4. Ki tambayi farashin giram ɗaya na azurfa a ranar, ki ninka sau 23.4, ki san ƙasan farashinki ke nan kafin ki buɗe baki da kowane dillali.

Na jabu suna da yawa, don haka a gwada. Fara da maganaɗisu: in ya kama, an gama magana, ba azurfa ba ce. In bai kama ba, ba a tabbatar da komai ba tukuna, domin tagulla da darma ma ba ya kama su. Sai a kai wa mai sayar da gwal ya ɗora a ƙaramin sikelinsa. Wanda ya sha hannu yana iya sauka zuwa giram 27 da rabi, amma wanda ya yi 24 ko 25 abin tuhuma ne. A duba gefensa: na gaske akwai rubutu mai tudu da ya zagaye baki, IUSTITIA ET CLEMENTIA, da 'yan ado tsakanin kalmomin. Wanda aka zuba a narke yakan nuna siririn layi a gefe inda ɓangarori biyu suka haɗu, fuskarsa kuma da ƙananan ramuka, rubutun ya dushe. A ɗora shi a kan ɗan yatsa a ƙwanƙwasa da fensir: azurfa tana yin amo mai tsawo, darma kuwa ƙaf take yi ta mutu.

Gwajin ruwa ya fi duka. A ɗora ƙaramin kofin ruwa a kan sikelin, a mayar da lambar sifili, a ɗaure liyarin da zare a zira shi cikin ruwan ya nutse ba tare da ya taɓa gindi ko gefe ba. Sikelin zai nuna wajen 2.7 zuwa 2.8. A raba nauyin kuɗin da wannan lamba. In amsar ta fito kusa da 10.2, azurfa ce. In ta fito wajen 8.5, tagulla ce aka yi wa wanka.

Masu kunnen nan uku, mai tara kuɗi ba zai biya su da kyau ba, domin wutar maƙeri ta taɓa su. Duk da haka kada ki bari a cire kunnen. Cirewa ba ta mayar da kuɗin yadda yake, tabo kawai take bari, kuma kunnen ne ke shaida cewa kayan adon mata ne na gidanku. Ki rubuta sunan kakar, garinsu, da yadda ta same su in an sani, ki ajiye tare da su. Baƙin da suka yi kuma a bar shi. Toka, lemun tsami, man goge haƙori da yashi duk suna kankare fatar kuɗin. In datti ne ya dame ki, ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi sun isa, a ɗauraye sosai, a dafa da tsumma mai laushi har ya bushe, ba a gurza ba.

Tambaya: Ina da gwangwani cike da anini da kwabo masu huda. An ce mini akwai na wani sarkin Ingila da bai daɗe a mulki ba, wai guda ɗaya yana sayen mota. Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Malam, sarkin dai gaskiya ne, motar ce babu. Edward na Takwas ya hau gadon sarauta a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar shekarar. A Ingila kuɗin da ke da hotonsa ba su fita kasuwa ba, shi ya sa 'yan samfurin da suka tsira suke da tsadar gaske, kuma daga can labarin ya taso. Namu na Afirka ta Yamma masu huda ba su da hoton kowa, suna ne kawai da kambi, saboda haka aka buga anini, ɗari (rabin kwabo) da kwabo da sunansa miliyoyi. Za ka gane su da rubutun EDWARDVS VIII da shekarar 1936. Suna da daɗin ajiya, amma kuɗinsu kaɗan ne.

Ga abin da ya cancanci ka zazzage gwangwanin dominsa. Anini na 1907 da wasu na 1908 da alminiyam aka yi su, ba su da nauyi ko kaɗan a hannu. Suna cikin kuɗin alminiyam na farko a duniya, kuma da aka ga ƙasarmu tana cinye su sai aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel, don haka mai lafiya a cikinsu ba ya samuwa da sauƙi. Waɗanda aka buga kafin 1912 an rubuta musu NIGERIA tare da BRITISH WEST AFRICA. Daga shekarar da aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma aka cire sunan Nijeriya. Kusa da hudar za ka iya ganin ƙaramin harafi H ko KN, alamar masana'antu biyu na Birmingham. Shekara ɗaya tana iya zama gama-gari da wani harafi, ta yi wuya da wani, don haka ka ware su bisa shekara da harafi kafin ka nuna wa kowa.

In akwai sule ko dala (ta sule biyu, ba liyari ba) masu hoton bishiyar kwakwar manja a ciki, duba shekara. Daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1,000. A 1920, da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka rage ta, sannan aka koma wani haɗi mai ruwan ɗorawa wanda babu azurfa a ciki. Masu rubutun FEDERATION OF NIGERIA 1959 kuwa kusan kowane tsohon gida akwai su.

Fitar da su daga gwangwanin, tsatsarsa tana kama su. Kowanne mai kyau a sa shi a ƙaramar ambulan ta takarda a rubuta shekara a baya. Leda mai laushi tana sa su yin kore mai danƙo.

Tambaya: Mun gāji Alƙur'ani rubutun hannu na kakan mahaifinmu, yana cikin gafaka. Gara ta ci gefe, wasu warƙoƙi sun manne. Ƙanena yana so a kai shago a liƙe kowace warƙa da leda, wasu 'yan'uwa kuma suna so a raba kowa ya ɗauki izu goma don tabarraki. Me za mu yi? Daga wani mai karatu a Haɗeja.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, don Allah a dakatar da duka biyun. Injin liƙe takarda zafi yake amfani da shi, yana narkar da gam ya shige cikin takardar har ya haɗu da tawada. Ba a iya ɓare shi daga baya sai da rubutun, kuma bayan shekaru ledar tana yin ja ta kumbura. Salatif ma haka: gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabo mai launin ƙasa wanda ba ya fita. Rabawa kuwa ita ce ta fi ciwo. Mus'hafin da aka raba gida shida ba ya sake haɗuwa, kuma warƙar ƙarshe mai sunan marubuci takan tafi gida ɗaya, sauran biyar su zauna da takardun da nan da jikoki ba wanda zai san na wane ne. A zaɓi amintacce ɗaya ya riƙe a madadin kowa, a rubuta yarjejeniya, kowane gida ya sami cikakken hoto.

Hoton shi ne aikin farko. A shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa da hantsi, a riƙe waya sambal a sama, ban da walƙiyar kyamara. A ɗauki kowace warƙa gaba da baya, ana kifewa a gefe ɗaya bi da bi don kada jerin ya rikice. Littattafanmu ba ɗinka su ake yi ba, warƙoƙi ne a sake, kuma abin da ke riƙe jerin shi ne kalmar da marubuci ya sa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Inda gara ta cinye wannan kusurwa, alaramma zai gane wurin da hadda. Hannu ya zama wankakke kuma busasshe sarai. Bayan alwala a jira ya bushe tukuna, domin tawadar zuge da aka haɗa da ƙaro tana narkewa da ɗigon ruwa ɗaya.

Ƙura da kashin ƙwari a share su da burushi mai laushi irin na kwalliya, sabo, daga tsakiya zuwa baki. Warƙoƙin da suka manne kada a tilasta su, kada a turara su da tururi. A bar su a dunƙule a sa alama. Inda tawada baƙa ta ƙone takarda har harafi ya zama rami, wannan aikin tawadar bagaruwa ce mai haɗin ƙarfe, kuma laima ce ke hanzarta shi. Irin wannan warƙa ba a lanƙwasa ta. A zira farar takarda mai kauri a ƙarƙashinta a ɗaga su tare.

In akwai ƙwari masu rai, ban da fesa maganin sauro ko fiya-fiya, suna ɓata tawada kuma suna cutar da mai karatu. Inda ake da firiza mai daskarewa sosai da wutar da ba ta yankewa, a naɗe littafin a ƙyalle, a sa a leda biyu a matse iska a ɗaure, ya yi mako guda a ciki, sannan a fito da shi a bar shi yini da kwana ba a buɗe ledar ba, don raɓar ta sauka a bayan leda maimakon a kan takarda. Inda wuta ke zuwa tana tafiya, kada a gwada. Narkewa da daskarewa a kai a kai sun fi ƙwarin ɓarna. A wadatu da sharewa warƙa warƙa da sauya wurin ajiya.

Wurin ajiya ya zama sama da ƙasa aƙalla taƙi ɗaya, kada ya jingina da bango, kada ya kasance ƙarƙashin inda rufi ke yoyo. A naɗe shi a farin ƙyallen auduga da aka wanke aka cire sitaci, a kwantar da shi, ban da jarida, ban da leda. Akwatin ƙarfe yana tare gara da ɓera amma yana gumi da damina, saboda haka a riƙa buɗewa ana dubawa a farkon ruwa, a tsakiyar Agusta, da kuma kaka. Gafakar ma ta zauna tare da shi, kuma kada a shafa mata man shanu ko man gyaɗa don ta yi laushi, man zai bi ya shiga takarda.

Don sanin shekarunsa, a ɗaga warƙa mai lafiya a hasken taga. In aka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, daga arewacin Italiya ta fito, ta biyo Tarabulus ko Masar. Mai haruffan AG ko sunan Andrea Galvani ta fi yawa a ƙarni na 19 da farkon na 20. A duba warƙar ƙarshe bayan "tammat", nan marubuci kan sa sunansa, wani lokaci da shekara. Shekarar Hijira a ninka ta da 0.97 a ƙara 622: 1300 za ta ba da wajen 1883. In da haruffan ramzi aka rubuta ta, wato haruffan Larabci a madadin lambobi, a lissafa da ƙa'idar Magrib da malamanmu ke bi, inda shinun yake 1,000, ba gainun ba kamar na Gabas. Masu gyaran irin waɗannan takardu ana neman shawararsu a Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ku fara kai musu hotuna, asalin ya zauna a gida.

Tambaya: Wasu mutane suna yawo a unguwarmu suna neman tsohon keken ɗinki da dutsen guga mai zakara, wai akwai jar zaiba a ciki. Sun ce in biya kuɗin gwaji. Daga wata mai karatu a Kumasi.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki ba da ko sisi. Babu wani abu jar zaiba mai irin ƙarfin da ake faɗa, kuma ba a taɓa sa shi a keken ɗinki ko dutsen guga ba. Wannan jita-jita ta tashi da ƙarfi a Saudiyya a 2009, inda aka yi ta sayen tsofaffin kekunan Singer da kuɗi masu yawa, daga baya aka tabbatar yaudara ce. Salon bai sauya ba: ɗaya ya zo a matsayin mai saye da farashin da zai ruɗa ki, ɗaya ya zo da na'urar gwaji, ki biya na gwajin, su ɓace. Wasu kuma sukan farfasa keken suna nema su bar miki tarkace.

Kekenki darajarsa ita ce yana ɗinki. Yawancin baƙaƙen Singer da suka zo Afirka ta Yamma daga masana'antar Clydebank ta Sikotilan suka fito, wadda aka rufe a 1980. Lambar da aka buga a gindinsa ta hannun dama tana nuna shekarar ƙira. Ki sa masa man keke, ban da man girki, wanda ke daskarewa ya riƙe ƙarafan.

Tambaya: Muna haƙar ƙasa a gona muka tono kan mutum na yumɓu, idanunsa masu kusurwa uku da huda a tsakiya. Wani ya taya da kuɗi mai kauri. In sayar? Daga wani manomi a kudancin Kaduna.

Amsa: Malam, siffar da ka bayar ta yi kama da aikin Nok, wata al'ummar da ta zauna a yankinku a zamanin da, kuma doka ta hana wannan ciniki. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya sai ga hukumar ko wakilinta mai izini, ta hana fitar da su waje ba da takarda ba, ta kuma ce wanda ya tsinci irinsu ya sanar da hukumar da sakataren ƙaramar hukumarsa cikin kwana bakwai. Dokar ta haɗa da kayan sana'ar gida da aka yi kafin 1918, har da makamai da rubuce-rubuce. Tun 2000 kayan yumɓun Nok, Sakkwato da Katsina, da na Bura a Nijar, suna cikin jerin da ake gargaɗin 'yan kwastan na duniya da shi.

Waɗannan kawuna sun haura shekara dubu biyu. An fara tono su wajen haƙar kuza a 1928, kuma wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, shi ne ya gane a 1943 cewa aikin al'umma ɗaya ne, shi ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Mutanen ba su bar rubutu ba. Abin da ake sani game da su daga ƙasar da ke kewaye da kayan ake karanta shi: gawayi, ƙwayar gero da ta ƙone, fasassun tukwane, kashin maƙera. Ɗan gawayi ɗaya ya isa a auna shekaru. Dillali in ya zo, mako guda zai sa a birkice gonar, wannan shaida ta tafi har abada, ramukan kuma su zauna maka.

A tsayar da haƙa a wurin. Kada a wanke kan, domin yumɓun yana da tsakuwa a ciki kuma ruwa yana zubar da fatarsa. Kada a liƙa gutsattsarin da gam. A ɗauki hoton ramin da inda kowane yanki yake, a tattara ko ƙaramin ɓallin ne, a bar su su bushe a inuwa, a kwantar a kwali da tsumma. A sanar da mai gari, sannan a je gidan tarihi na Kaduna ko na Jos, a kuma karɓi takardar shaida ta duk abin da aka miƙa.

Tambaya: Takobin kakanmu ya yi tsatsa. Akwai zanen wata biyu masu fuska a jikinsa. In kai wa mai wāshi? Daga wani mai karatu a Marwa.

Amsa: A'a, Alhaji. Dutsen wāshi na inji zai cinye alamar cikin minti ɗaya. Watan nan biyu asalinsu tambarin maƙeran Turai ne, musamman na Solingen a Jamus, waɗanda ruwan takubbansu suka riƙa ƙetaro Sahara ana sa musu ƙota da kube a nan. Maƙeranmu ma sun kwaikwayi tambarin, don haka shi kaɗai ba ya tabbatar da asali. Na Turai yakan lanƙwasa kaɗan ya dawo daidai, kwaruruwansa uku a miƙe suke. Na gida da aka yi daga baya yakan fi kauri, layukansa suna ɗan karkata.

Zare shi daga kube a hankali. Shafa man keken ɗinki, a bar shi ya kwana, a goge jar tsatsar da tsumma mai kauri, mai taurin kai kuma a kankare ta da gefen tsohon kwabon tagulla, wanda ya fi ƙarfen laushi. Baƙin da ya rage a ƙasa a bar shi, yana kare ƙarfen. Kada man ya taɓa fatar ƙota. Da damina a ajiye takobin a wajen kubensa, gefe da gefe, domin fata tana riƙe laima, kuma a sabunta man sau biyu a shekara.